Kafin allo da alli, a cika wa yaro kunne da hira

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da iyaye Hausawa na nan Sudan, na Maiurno da Sinnar da Gadarif da Kassala da Damazin da ƙauyukan Jazira, har da 'yan'uwa na Najeriya da Nijar idan maganar ta yi musu amfani. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 makarantu da yawa suka rufe, wasu suka zama masaukin waɗanda suka baro gidajensu, kuma yau akwai yaran da suka kai shekarun shiga rauda, wato makarantar ƙananan yara ta kafin firamare, ba su taɓa ganin ƙofarta ba. Kukan iyaye shi ne yaro zai shiga aji ɗaya da shekara 6 bai san alif ba. To, alif cikin 'yan makonni ake koyon sa. Abin da malamin aji ɗaya ba zai iya ramawa cikin makonni ba shi ne shekara biyar da yaro ya yi ba a hira da shi, kuma wannan aikin tun asali na gida ne, ko da rauda ko babu.

Ranar da aka haifi jariri ƙwaƙwalwarsa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ce ta girman ta babba. Kafin ya cika shekara 3 ta kai wajen kashi 80 cikin 100, a shekara 5 kuma wajen 90. Abin da ke ƙulla jijiyoyinta shi ne ba-ni-in-ba-ka: jariri ya yi sauti ko ya kafe ki da ido, ki amsa, ya sake, ki sake. Sabon haihuwa ba ya gani sosai sai abin da ke nesa da shi santimita 20 zuwa 30, wato daidai tazarar da ke tsakanin nono da fuskar mai shayarwa. Saboda haka lokacin shayarwa shi ne ajinsa na farko. Ki dube shi, ki kira sunansa, ki faɗi 'yar magana, sannan ki yi shiru ki ƙirga biyar a zuci. Wannan shirun shi ne inda aka fi kuskure. Manya kan yi ta zuba ba su bar masa gurbi ba, ko kuma da ya buɗe baki a toshe shi da nono ko a hau jijjiga. Jariri yana da jinkirin amsawa. Idan aka jira shi, wajen mako 6 zuwa 8 zai mayar da murmushi, daga wata 6 zuwa 9 kuma gwaranci ya kankama, ba-ba-ba, da-da-da.

Ba sai an ware lokaci ko an ajiye aiki ba. A ɗauki mace tana gaban doka, wato faifan ƙarfen da ake gashi a kai, tana yin kisra, siririn burodin dawa na nan Sudan, ɗanta na wata 10 yana zaune a tabarma nesa da wuta. Ta ɗebo ƙullu ta ce, "Ga ƙullu. Ka ji shi? Cuuu! Doka ta yi zafi." Ta ja gargariba, abin shimfiɗa ƙullun, ta ce, "Na shafa, na shafa, na ɗaga." Yaro ya miƙa hannu ya ce "a!" Ta ce, "Kisra kake so? Bari ta huce." A cikin minti biyu ya ji sunan abu yana kallon abin, ya ji kalma ɗaya sau uku, ya kuma gane cewa idan ya yi sauti ana amsa masa. Ƙa'idar ɗaya ce: ki bi idonsa. Abin da yake kallo shi za ki ambata, domin kalmar da ta faɗo kan abin da hankalinsa ke kai ita ce ke zama.

A nan dole mu taɓa wata al'ada tamu, kunyar ɗan fari. Yarinya ta haihu, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, wani lokacin ko nono sai an ce mata "ba shi mana" tana kau da kai. A da al'adar ba ta cutar da yaro sosai, domin gida cike yake: ga kaka, ko habboba kamar yadda ake cewa a nan, ga gwaggo, ga inna, kowa na cafe shi, kaka na tsokanar sa da "mijina" ko "kishiyata". Yanzu da gudun hijira ya raba iyalai, sai ka tarar da yarinya ita kaɗai da jaririnta a ɗaki guda, tana riƙe da kunyar, alhali waɗanda ke cike gurbin ba sa nan. Ba mu ce a zubar da kunya ba. Ta sa masa laƙabi ta riƙa kiran sa da shi, ta yi masa hira a ɗaka, uwar miji kuma ta buɗe baki ta ba ta izini, don kalma ɗaya daga gare ta ta fi huɗubar ma'aikacin lafiya goma. Iyaye maza ma haka. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai aka amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Minti goma bayan magariba, yaro a cinyar ubansa, ya wadatar a fara.

Goyo alheri ne, yaro na jin ɗumi da motsi da muryar uwa, amma wanda ke baya ba ya ganin fuska kuma ba ya motsa gaɓoɓinsa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2019 ita ce kada a ɗaure yaro wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, kuma jaririn da bai fara rarrafe ba a kifa shi rub-da-ciki a tabarma, yana farke ana kallon sa, jimillar minti 30 a yini, a rarraba. Wannan ke ƙarfafa wuya da kafaɗa. Barci kuwa a rigingine.

Sai maganar da ta fi kowacce tayar da gardama a gidajenmu: da wane harshe za a yi hirar? Iyaye da yawa sun daina yi wa 'ya'yansu Hausa, wai don kada Larabcinsu ya gurɓata, ko don kada a yi musu dariya a makaranta. Mun san inda tsoron ya samo asali, kuma ba za mu raina shi ba. Amma ga yadda abin yake. Jariri a watanninsa na farko yana iya bambance sautukan harsuna iri-iri, daga wajen wata 10 zuwa 12 kunnensa ke fara tsayawa kan waɗanda yake ji kullum. Wanda ya tashi yana jin ƙ da ɗ da ɓ a gida, yana jin ainun da ha mai ruwa na Larabci a waje, ya riƙe duka biyun ba tare da wahala ba. Harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana. Abin da ke jawo ƙarancin kalmomi shi ne uwa ta bar harshen da take iya zolaya da tatsuniya da karin magana da shi, ta koma wanda ba ta iya komai da shi sai "ta'al" da "askut", wato "zo" da "yi shiru". Yaro ya tashi da umarni zalla, babu labari. Idan Larabci ne harshen da uwar ta fi sakewa a ciki, ta yi da shi, uba ko kaka su riƙe Hausa. Abin nema shi ne yaro ya ji magana mai yalwa daga bakin wanda ya mallake ta.

An gwada irin wannan a Ile-Ife tun daga 1970, ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida na firamare, Ingilishi kuwa a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu a Ingilishin ba. Wanda ya san "sama da ƙasa", "jiya da gobe", "saboda me" a harshensa, sabon suna kawai zai sa musu a Larabci. Hausar da ta rayu a bakin kogin Nilu tun zuwan Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 ba ta hana jikokin waɗanda suka zo tare da shi zama malamai da alƙalai da Larabci ba.

Wajen aiki da wannan, abubuwa uku ne ke ruɗa iyaye. Yaro zai gauraya, ya ce "ba ni moya", wannan ba ruɗewa ba ce, kada a ce masa ya yi kuskure, a dai mayar masa da cikakkiya: "Ruwa kake so? Ga ruwa." Idan za a ƙirga kalmominsa, a haɗa na harsunan biyu, ɗan shekara 2 ana sa ran yana da wajen kalma 50 jimilla, yana kuma haɗa biyu, kamar "Baba tafi". A ƙauyen da Hausa kaɗai ake ji kuwa, daga shekara 3 ko 4 a nema masa abokan wasa masu Larabci, a kuma koya masa kalmomin da zai buƙata ranar farko: neman izinin zagayawa, neman ruwa, faɗin cewa bai gane ba.

Duk wannan hirar banza ce idan kunnen ba ya ji, kuma kurumtar yara ta fi yawa fiye da yadda ake zato a ƙasar da sanƙarau da ƙyanda ke zagayawa. Gwajin gida mai sauƙi ne. Yaro ɗan wata 7 zuwa 9 yana zaune a cinya, wani yana gabansa yana ɗauke masa hankali, wani ya tsaya bayansa inda ba ya ganin ko inuwarsa, ya kira sunansa a hankali ko ya kaɗa cokali cikin kofi, ta dama sannan ta hagu. Kada a tafa ko a buga ƙasa, domin iska da girgiza za su sa ko kurma ya juyo. Idan bai juyo ba a sake wata rana, in haka ta maimaitu a kai shi asibiti. Kunnen da ke zubar da mugunya a naɗe tsumma mai tsabta a tsane shi sau uku a yini, ba a ɗura masa mai ko ruwan ganye, kuma a nemi magani. Haka nan a nemi likita idan yaro ya cika shekara 1 ba ya gwaranci, ba ya nuni ko ɗaga hannu; ko ya kai wata 9 zuwa 10 ba ya zama shi kaɗai; ko wata 18 ba ya tafiya ko ba shi da kalma ko ɗaya; ko kuma, wannan ya fi gaggawa, ya iya abu ya daina. "Haka ubansa ya yi, sai da ya shekara huɗu" ta cinye wa yara da yawa lokacin da za a iya taimakon su. In'inar da ke zuwa tsakanin shekara 2 da 5 yawanci takan wuce. A saurare shi har ya gama, ba a ƙarasa masa ba, ba a kwaikwaye shi ba.

Yaro mai yunwa ba ya wasa, wanda ba ya wasa ba ya koyo. Dakashi ba ƙazanta ba ne, a ba shi cikin awar farko. Nono zalla wata 6, ko a zafin Afrilu ba ya buƙatar ruwan zir, wato randa, a dai ƙara yawan shayarwa. A ci gaba har shekara biyu, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata. Daga wata 6 a fara da cokali 2 zuwa 3 sau biyu ko uku a yini, a riƙa ƙarawa har rabin kofi. Kofin da muke nufi mai cin mililita 250 ne, rabin gorar ruwa ta rabin lita, ba ɗan kofin shayi ba. Daga wata 9 zuwa 11, rabin kofi sau uku ko huɗu. Daga shekara 1 zuwa 2, kashi uku cikin huɗu na kofin zuwa cikakke, sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Babban kuskuren shi ne tsinkakken kunu. Cikin yaro ƙarami ne, nasha, wato kunu mai ruwa-ruwa, na cika shi ba ta ba shi komai ba. A yi madida, wato kunu mai kauri, wadda ba ta zuba idan an karkata cokali, a sa mata cokalin dakwa, wato markaɗaɗɗiyar gyada, ko ɗan man riɗi, wata rana adas, wato ƙananan waken nan, ko ƙwai, ko dakakken busasshen kifi, ko garin zogale. Shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke gina jini, don haka kada a haɗa wa yaro shi da abinci. Ruwan gongolez, wato ƙwalba, ya fi masa. Zuma sai bayan shekara 1. A nemi gishiri mai aidin, domin rashinsa ne ke kawo maƙoƙo, yana kuma dakushe ƙwaƙwalwa tun daga ciki. Ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da aka auna damtsensa da tef ɗin cibiyar lafiya ya gaza santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, tamowa ce mai tsanani, ranar za a kai shi.

Yaye ma a yi shi sannu a hankali, a rage shayarwa ɗaya bayan 'yan kwanaki. Shafa wa nono ɗaci a kwashi yaro dare ɗaya a kai shi wani gari yana haɗa masa rashi biyu, nono da uwa. Kwallin dutse da ake zizara wa jarirai kuwa sau da yawa yana ɗauke da dalma, guba ce ga ƙwaƙwalwa ko kaɗan ce; abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya isa ishara. Masu zuwa haƙar zinariya kada su ƙona zaiba a gida.

Kayan wasa ba sai na kanti ba. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 zuwa 1987, an ɗauki yara 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci ya tsumburar, ma'aikatan lafiya suna zuwa gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwaye yadda ake wasa da hira da yaro da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka tarar abin da suke samu ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi wa ziyarar ba da kusan kashi 25 cikin 100. Kwano da murfi, a sa a fitar, shi ne wasan ɗan shekara 1. Kwanuka uku masu shiga cikin juna suna koya babba da ƙarami. 'Yar tsana ta tsumma, motar kara, kwaɓaɓɓen yumɓu. Abin da zai iya shigewa bakin yaro gaba ɗaya, ƙwallon dabino ko gyada ko murfin gora, ba na ɗan ƙasa da shekara 3 ba ne.

Ƙirga kuwa, rera "ɗaya, biyu, uku" har ɗari waƙa ce kawai. A zube wa ɗan shekara 4 duwatsu biyar, ya taɓa kowanne sau ɗaya yana faɗin lamba, sannan a tambaye shi, "To nawa ne?" Idan ya ce biyar, ya gane. Idan ya koma ƙirgawa daga farko, da saura, a koma kan uku. A aike shi ya kawo cokali daidai mutanen da ke zaune. Rubutu kuma daga yatsa a yashi yake farawa: layi, da'ira wajen shekara 3, gicciye wajen 4, ana ja daga dama zuwa hagu tun da Larabci zai fara. Tilasta wa ɗan shekara 3 riƙe alƙalami ya cika shafi ba ya haifar da komai sai ƙin karatu, domin ƙananan tsokokin yatsunsa ba su nuna ba. Tsince tsakuwa daga adas da zura zare a dutsen ado sun fi shirya hannun. Da dare a ce "ga ta nan, ga ta nanku", a tsaya a tsakiya a tambaye shi me Gizo zai yi, gobe shi ya ba da ita. Ya nemi tatsuniya ɗaya sau ashirin, a ba shi.

Khalwa, wato makarantar allo, tana da amfanin da ba a faɗa sosai: tana horar da kunne da hadda da zama cikin jama'a. Ƙaramin yaro ya je ya saurari gajerun surori na ɗan lokaci ya dawo. Roƙonmu ga shehunan shi ne a ajiye bulala ga 'yan ƙanana. Salla kanta sai a shekara bakwai aka ce a umarce su da ita. Yaron da ke tsoro idonsa na kan hannun malam, ba ya kan allo.

Waya kuma, ɗan ƙasa da shekara 2 babu ruwansa da kallon ta, daga 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a yini, kuma da babba a gefe yana tanka masa. Kiran bidiyo da uba da ke Saudiyya daban ne, don shi yana amsawa.

Yaran da suka ji ƙarar harbi ko suka kwana a hanya sukan koma baya: fitsarin kwance ya dawo, su maƙale wa uwa, su firgita cikin barci, wasu su yi gum. Duka yana ƙara shi. Abin da ke kwantar da su shi ne yini mai tsari, cin abinci da wanka da barci a lokaci ɗaya kullum, ko a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, ake zaune. Ɗan shekara 3 zuwa 4 na buƙatar barcin awa 10 zuwa 13. Idan yana wasan bindiga da kara, a bar shi, labarin yake fitarwa. Idan ya yi tambaya a ba shi gaskiya gajeriya. Uwar da ta haura mako biyu cikin baƙin ciki, ba ta barci, ba ta sha'awar ɗanta, ita ma jinya take buƙata, kuma maƙwabta su karɓe mata yaron na 'yan awoyi.

Inda rauda ba ta buɗe ba, gida biyar ko shida na iya haɗa yara takwas zuwa goma 'yan shekara 3 zuwa 5, awa biyu da safe kafin rana ta take, mata biyu na karɓa-karɓa: gaisuwa da sunaye, tatsuniya, wasan guje-guje, wanke hannu, zane a ƙasa. Wanda zai shiga aji ɗaya ya san cikakken sunansa da na ubansa da unguwarsu, ya iya zagayawa shi kaɗai, ya bi umarni mai gaɓa biyu, ya jira layi. Iyaye kuma tun yanzu su nemo takardar haihuwa da katin rigakafi, waɗanda suka ɓata a hanya a je a nemi madadinsu kafin lokacin rajista, a ɗauki hotonsu a waya, a naɗe na asalin cikin leda.

Wassalam.

Daga wasu malaman rauda da ungozomomi,
Maiurno, Jihar Sinnar, Sudan